Neman kalma: slot machine na da, ba na caca ba

Maryam: Salamu alaikum jama'a, don Allah a agaza min da gaggawa, gobe da safe za mu ɗauki shirin tarihi a rediyo. Rubutun da nake fassarawa maganar Landan yake wajen 1883, lokacin da Percival Everitt ya fito da injin da za ka saka kwabo ɗaya ya turo maka katin wasiƙa, aka kakkafa su a tashoshin jirgin ƙasa. Marubucin slot machine yake ta cewa, in kuwa na ce injin caca na ɓata labarin, don a lokacin duk abin da ake zura wa kuɗi ta 'yar tsaga sunansa ke nan, na awon nauyi, na alewa, har mitar gas ta cikin gida. Sai da na caca suka yi yawa a Amurka, irin wanda Charles Fey ya ƙera a San Francisco a shekarun 1890, sannan sunan ya maƙale musu.

Auwal: na'urar sulalla

Malam Habu: Injin saka kwabo. Mai sauraro zai gane nan take.

Baban Ikram: A'a Malam, wannan bayani ne ba suna ba. Ni dai HAƊIYE-KWABO na ce, kuma na daɗe ina faɗa. Ku duba dafa-duka, ci-rani, hana-salla, a-kori-kura, haka Bahaushe yake raɗa wa abu suna, aikin abin yake dubawa ya kira shi da shi

Maryam: Baba ai ba haɗiyewa kawai yake ba, yana ba ka kaya. In na ce haɗiye-kwabo mutane za su ɗauka cuta ce, mun koma gidan jiya ke nan, cacar da nake gudu.

Baban Ikram: To ci-kwabo. Ko ba-ni-in-ba-ka.

Ustaz: Ni abin da ke damuna shi ne kwabon ma na Turawa ne, daga copper ya zo, inji ma haka. Yaushe za mu daina bara ne? Sai ka ce harshenmu ba shi da gata

Malam Habu: Ustaz na'urar da kake so ai ta Larabawa ce. Kwabo da sisi da sule kakanninmu sun kashe su a kasuwar Kurmi, wanda ya taɓa riƙe anini mai huda a tsakiya ba za ka ce masa baƙuwar kalma ba ce.

Ɗan Maraɗi: Ku dai komi sai a auna da Kano. Mu nan har gobe tsaba muke kashewa, dala muka sani ba kwabo ba, ku kuwa yaranku da yawa ba su taɓa sayen komi da ƙarfe ba. In rediyon na kaiwa Nijar a tuna da mu.

Baban Ikram: shi ya sa na ce a bar wa mutanen titi, a-daidaita-sahu wane kwamiti ne ya zauna ya raɗa? Haɗiye-kwabo zai kama wlh, a gwada shi sau ɗaya kawai a iska

Ustaz: Wato masana su yi shiru 'yan tasha su gyara mana harshe.

Maryam: Don girman Allah ku bar wannan, sha ɗaya ta wuce. Ga abin da na rubuta: farkon ambato zan ce injin saka tsaba, wanda ake zura wa kwabo ya ba da kaya, daga nan injin tsaba kawai. Na Fey kuma injin caca.

Ɗan Maraɗi: tsaba ta yi, mun yarda

Auwal: Tsabar hatsi fa? wani zai ɗauka injin niƙa ne

Maryam: Bayanin farko zai raba gardama Yaya Auwal.

Baban Ikram: To ki je da shi tunda gobe ne, amma ni ban sauka ba, suna mai kalma uku ba ya zama a bakin mutane. Bayan shirin a dawo a sake zama.