Karatun noman lambu a jami'a: yana da makoma kuwa?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum. Na kammala sakandare bana, kuma ina da sha'awar karanta fannin noman lambu, wato kayan miya, 'ya'yan itatuwa da furanni, amma mahaifina yana ganin babu abin da jami'a za ta koya mini wanda ban gani ba a fadamarmu tun ina yaro. Ina roƙon waɗanda suka san fannin su bayyana mini abin da ake koyarwa da kuma inda mutum yake dosa bayan ya gama.

Tsohon Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, ɗana. Mahaifinka ya fi yawancin malamanka sanin lokacin dashe da ban ruwa, kuma kada ka yi masa musu a kan wannan. Sai dai a 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna har farashinsa ya gagari talaka, manoman da suka shekara talatin suna noman rani a Kadawa sun yi ta feshi da magungunan da suka saba da su ba tare da sun ga sauƙi ba, domin tsutsar a cikin ganyen take ɓuya, kuma baƙuwa ce da ta samo asali daga Kudancin Amurka. Sanin rayuwar ƙwaro irin wannan, da gwajin ƙasa, da zaɓen iri, da auren itatuwa, da adana amfani bayan girbi, su ne abin da za ka je nema. A jami'o'inmu digirin noma shekara biyar ne, ta huɗu a gona ake yin ta, kuma yawanci sai a ƙarshe ake ware wa ɗalibi fanninsa. Idan kuma difloma kake so, akwai kwalejin tarayya ta noman lambu a Dadin Kowa, jihar Gombe.

Uwar Gandu:
Ƙanena, ni ta wannan hanya na bi, kuma zan faɗa maka abin da ba a cika faɗa ba: kada ka shiga da tunanin aikin gwamnati. Cibiyar binciken noman lambu ta ƙasa, wato NIHORT, da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda, jihar Kano, amma guraben aiki a irin waɗannan wurare kaɗan ne ƙwarai. Abin da yake ciyar da ni shi ne renon irin tumatir da tattasai a faranti da sayar da mangwaron aure, domin manomin da ya sayi iri mai tsada ba ya son ya yi asararsa a wurin reno.

Ɗan Kasuwar Gwari:
Ban yi karatun ba, amma na daɗe ina loda tumatir zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, kuma ina ganin yadda na ƙasan kwando yake isa a dagargaje, kamar yadda albasar Aliero take ruɓewa a ajiya kafin farashi ya tashi. Idan za ka karanta, ka mai da hankali a nan. Sannan ka roƙi Baba ya ba ka kadada guda ko rabinta tun daga shekarar farko, ka riƙa gwada abin da aka koya maka a gaban idonsa.