Idan Hassana da Usaina suka yi gaba da juna a cikin labari

Mun tattauna da wasu marubuta kan labarin tagwaye mata da suka raba gari, ga abin da na tsinto.

Kowa ya yarda saurayi kaɗai ba zai raba waɗanda suka kwanta ciki ɗaya ba. A nemo tsohon miki: goggo ta ɗauki Usaina riƙo tun daga yaye, Hassana kuwa ta tashi a gaban uwa tana shan gata. Wannan shawarar ta fi ratsa ni.

Wata ta ce kada a sasanta su a shafi ɗaya don kawai an tuna musu hadisin da ya hana gaba fiye da kwana 3. A bari su haɗu a zaman makoki, tabarma ɗaya, kowacce na kallon ƙasa. Gambo, ƙanensu, shi ya dace da kai saƙo tsakaninsu.