Musayar Waƙa Daga Garuruwan Sudan a Kan Labarin Hijira Zuwa Duniyar Mars

Malama daga Wad Madani:

Assalamu alaikum. Na kammala wani ƙagaggen labari da ya gwama hasashen kimiyya da rayuwar iyali, ga abin da ya bar mini a zuciya:

Na karanta labarin da fari ya cinye ƙasa,
Har rijiyoyi da koguna suka rasa ruwa.
Ɗa ya shiga kumbo zai yi hijira zuwa Mars,
Ya bar gida, ya bar gona, ya bar uwa.
Babin sallamarsu ya sa ni zubar da hawaye,
Domin marubucin ya san zafin rabuwa.
Amma da ya sa su hira ta waya kai tsaye,
Tamkar maƙwabta, sai na daina gamsuwa.

Baba daga Maiurno:

'Yata, ki yi wa mai alƙalami sassauci,
Wanda ya iya zana kewa yana da baiwa.
Kakanninmu sun yiwo gabas bayan yaƙin Burmi,
A 1903, babu mai sa ran komawa.
Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya jagorance su,
Har gaɓar Nilu, inda Allah ya ƙaddara tsayawa.
Su nake gani a fuskokin mutanen kumbon nan,
Kuskuren na'ura kuwa na bar wa masu kulawa.

Ɗalibin injiniya daga Gadarif:

Baba, a gafarce ni, Yaya tana da hujja,
Nisan Mars ya fi ƙarfin a yi masa mantuwa.
Saƙo yakan ɗauki minti 3 idan ta matso,
Idan ta yi nisa, minti 22 kafin isowa.
Kuma an ce matafiyan Musulmi ne, amma har ƙarshe
Babu wanda ya tambayi alƙibla wajen tsayuwa.

Malama daga Wad Madani:

Ƙanena, ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi,
Baba kuma ban musa maka ba a batun shaƙuwa.
Abin da ya ɓata mini rai shi ne marubucin
Ya zubar da jira, alhali nan zuciya ke ƙonewa.
Tun da yaƙi ya ɓarke mana a Afrilun 2023,
Mun san aika saƙo a kwana babu amsawa.
Da ya bar tsohuwar nan ta ce, "Ɗana, kana lafiya?"
Ta zauna minti 44 ƙirjinta yana bugawa,
Da kimiyyar ta zama ƙashin bayan labarin,
Maimakon adon da ya liƙa don burgewa.

Baba daga Maiurno:

Wannan kam na karɓa, 'yata, domin a zamanin dā
Sai ayarin alhazai ya sauka ake jin gaisuwa.
Amma ban gama da littafin ba tukuna,
Jikokina sun matsa a ci gaba da karantawa.