Ƙanena soja ba ya barci, kuma maganarsa ta fara ba ni tsoro

Yayar Soja, Gadarif:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana cikin sojojin da suka ƙwato garin Sinja a nan Sudan a Nuwamban 2024, daga baya aka sallamo shi gida da rauni a ƙafa. Ƙafar ta warke, barci ne ya gagara. A tsakar gida muke kwana, angarib (gadon igiya) ɗinsa kusa da nawa, ina jin juyinsa har asuba. In ya runtsa, sai ya zabura sharkaf da gumi, wai ya ji ƙarar jirgi maras matuƙi. Daga nan ya hura gawayi ya ɗora jabana, wato kofi. Shekaranjiya wajen ƙarfe uku na dare ya ce: "Yaya, da na bi abokaina da na huta." Inna ta ce iska ce. Ni jikina bai ba ni ba. Rashin barci yana kai mutum ga tunanin kashe kansa?

Ma'aikaciyar Jinya, Kasala:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Yana kaiwa. Binciken da aka yi a kan sojojin Amurka ya nuna rashin barci da munanan mafarkai suna ƙara wannan haɗari, ko da an ware ciwon damuwa da firgicin yaƙi gefe. Ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta iya taka wa mugun tunani birki, kuma tsakar dare, kowa na barci shi kaɗai ido biyu, ya fi muni. Ki tambaye shi ƙarara, tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin. Yau ɗin nan ki fitar da bindiga, ƙwayoyi da maganin feshin gona daga gidan. Kada ki sayo masa maganin barci da kanki, likitan ƙwaƙwalwa za ku gani, kuma kada a bar shi shi kaɗai da dare.

Tsohon Soja, Mai Wurno:
'Yata, na yi yaƙin Kudancin Sudan kafin sulhun 2005, na shekara ina kwanan zaune. Soja ba zai ce miki yana tsoro ba, amma zai yarda ba ya barci. Ta nan za ki ja shi asibiti. Jabana ta tsaya daga azahar. Addu'ar Inna a ci gaba da ita, a haɗa da likita.

Yayar Soja, Gadarif:
Na gode Baba, na gode 'yar'uwa. Na tambaye shi bayan isha'i. Ya daɗe shiru, sannan ya yi kuka ya ce eh. Kawu ya tafi da bindigar, zai dawo ya kwana nan. Gobe da sassafe za mu asibiti.