Wa zai yanke shawara a madadina idan na kasa?

Dattijo: Jama'a, assalamu alaikum. Tun da hawan jini ya kwantar da yayana har ya kasa magana, iyalinsa suka rasa yadda za su cire kuɗin magani daga asusunsa na banki, nake tunanin kaina. Shin rubuta wasiyya ya wadatar?

Malama: Wa alaikumus salam, Baba. Wasiyya ba ta aiki sai bayan rasuwa, kuma ba ta wuce sulusin dukiya, saboda haka ba za ta amfani wanda yake kwance da rai ba. Haka kuma sunan ɗan uwa da ake rubutawa a takardar banki ba ya ba shi ikon taɓa kuɗin.

Mazaunin Landan: A Ingila, wata doka ta shekarar 2005 ta ba mutum damar naɗa wakili tun yana da lafiya, takarda ɗaya ta dukiya, ɗaya ta jinya.

Ɗalibin Fiƙihu: Alhaji, ka tuntuɓi lauya, domin malamai da yawa suna ganin wakilci yana warwarewa idan hankali ya gushe, sai alƙali ya naɗa mai kula da dukiyar. Ka kuma tara iyali da shaidu biyu ka bayyana wanda ka amince ya yi magana da likita.