Jadawalin SEC: ƙarfi ne ko gata?

Ɗan Ann Arbor: Jama'a, yau sai na amayar da abin da ke cina. Shekara uku ke nan ina bin besbol na jami'o'in Amurka, kuma duk ƙarshen watan Mayu, idan kwamitin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ya fitar da ƙungiyoyi 64 da za su shiga gasar kofin ƙasa, waƙar ɗaya ce: wai jadawalin 'yan arewa ba shi da nauyi. Ana buɗe kakar wasa a tsakiyar Fabrairu, lokacin filinmu a Michigan yana ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Yaranmu su kwashe makonni suna yawo a kudu, suna bugawa a gidan mutane, 'yan SEC kuwa, wato rukunin jami'o'in kudu maso gabas, suna zaune a gida. A 2025 ƙungiyoyinsu 13 aka ɗauka. 13 fa! 'Yan gata ne kawai.

Baban Khalifa, Baton Rouge: Ƙanena, janye kalmar nan. Ga 'yan SEC da suka ɗauki kofin ƙasa: Vanderbilt 2019, Mississippi State 2021, Ole Miss 2022, LSU tamu ta Baton Rouge 2023, Tennessee 2024, LSU kuma 2025. Kwamiti ne ya shiga fili a Omaha, inda ake wasannin ƙarshe, ya buga musu?

Malamar Lissafi: Ku tsaya mana. Ƙorafinsa a kan RPI yake, wato ma'aunin ƙarfin ƙungiyoyi da kwamitin ke dubawa. Nasarorinka kashi 25 ne cikin 100, nasarorin waɗanda ka kara da su kashi 50, sauran 25 na waɗanda su kuma suka kara da su ne. Wato kashi 75 ba a hannunka yake ba. Idan kana cikin SEC, ko an doke ka maƙwabta suna ɗaga ka. Amma tun 2013 nasarar waje tana cin maki 1.3, ta gida 0.7, don a rage wa 'yan arewa zafi.

Baban Khalifa: Malama, ba lissafi muke ba tukuna. Cewa ya yi gata.

Ɗan Ann Arbor: Yaya, ai gata ba zagi ba ne. Ɗan gata shi ne mai wanda zai tsaya masa. Ole Miss ɗin da ka ambata, a 2022 wasa 14 ta ci a SEC, aka doke ta 16, kuma aka shigar da ita. Wace ƙungiyar arewa za a yi wa haka?

Baban Khalifa: Aka shigar da ita, ta yi me? Ta ɗauki kofi! Ka kawo hujjata da bakinka.

Na Damagaram: A wajenmu idan aka ce wa yaro ɗan gata, sangartacce ake nufi. Don haka zagi ne, kada a yi mana kwana.

Ɗan Ann Arbor: Malam, Hausar ba ta Damagaram kaɗai ba ce. "Allah ya yi maka gata" zagi ne?

Na Damagaram: Wannan addu'a ce, naka habaici ne. Ka bambanta.

Umman Columbus: Ni abin da ya ba ni haushi, ɗan Michigan ne ke magana da yawun arewa. Ohio State ce ta ƙarshe da ta kawo wa Big Ten, rukuninmu da Michigan, kofi, a 1966. Ku da kuka je wasan ƙarshe a 2019, kuka ci na farko, Vanderbilt ta zane ku sau biyu a jere.

Ɗan Ann Arbor: Hajiya, mu sau biyu muka ɗauka, 1953 da 1962. Ku sau ɗaya. Kuma a 1966 an haife ki?

Umman Columbus: Kai a 1962 kana ina? Ka daina min maganar shekaru, na girme ka.

Auta: Ai yanzu USC, jami'ar Kudancin California, ta shigo Big Ten, kofunanta 12, sun fi na kowa.

Baban Khalifa: Rigar aro ke nan. Ba a Big Ten ta ci ko ɗaya ba, rabonta da kofi kuma tun 1998.

Malamar Lissafi: Don Allah a koma kan jadawali. Akwai ƙungiyoyin da ke soke wasannin tsakiyar mako a watan Mayu, saboda ko sun doke ƙaramar ƙungiya RPI ɗinsu sauka yake yi. Wannan ne ciwon. Coastal Carolina ba 'yar SEC ba ce, ta ci kofi a 2016. Stony Brook daga New York ta je har Baton Rouge a 2012 ta fitar da LSU.

Baban Khalifa: 2012 kuma me ya kawo ta nan? Ashe ke ma da gefenki.

Umman Columbus: Har yanzu ina jiran ya ba ni haƙuri a kan shekaruna.

Na Damagaram: Ni ma a kan gata.

Baban Khalifa: To, dare ya yi, bari in taƙaita tunda ni ne babba. An yarda SEC guminta take ci, kofuna shida a jere sun isa shaida. An yarda kalmar gata ba ta dace ba, mai ita zai janye. Maganar dusar ƙanƙara gaskiya ce, amma an riga an biya su da 1.3 ɗin da Malama ta faɗa. Batun Stony Brook tsautsayi ne na mako ɗaya, ba ya cikin muhawara. Ɗan Ann Arbor, ka ba Hajiya haƙuri kafin ka kwanta.