Yaya mutanen sabon gari ke kafa laburare da kansu?

Ɗan Unguwa:
Assalamu alaikum. A sabbin unguwannin bayan garin Sakkwato makarantu na ta ƙaruwa, amma babu inda yaro zai ari littafi. Malamai, yaya mutanen da suka sari daji suka kafa gari a da suka fara nasu? Sai an yi gini tukuna?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Gini ba shi ne farko ba. Dubi Ames, ƙauyen manoma a jihar Ohayo ta Amurka, a 1804. Kuɗi ba ya yawo a hannunsu, sai suka tara fatun namun daji, Samuel Brown ya kai su Boston aka sayar, aka samu dala 73.50, ya sayo littafi 51. Kowane mamba ya sayi hannun jari na dala 2.50, littattafan kuma a gidan mai kula da su aka ajiye. Kafin su, a 1731, Benjamin Franklin ya haɗa mutum 50 a birnin Filadelfiya, can Amurka, suka kafa laburare: sule 40 kuɗin shiga, sule 10 duk shekara. Wannan na shekara-shekarar shi ne ran abin. In babu shi, an gama karanta na farkon ke nan, ƙafa ta ɗauke.

Ma'aikaciyar Laburare:
Gaskiya ne, malam. Ɗan'uwa, a nan gara ce babbar abokiyar gaba. Ku sa kanta na ƙarfe, layin ƙasa ya ɗaga kamar taƙi guda daga daɓe, kada kuma ya jingina da bango, don ta nan take hawowa. Ɗakin kwano marar silin, zafin bazara zai lalata gam ɗin bangon littafi har shafuka su riƙa zubowa. Da hunturu a rufe tagogin gabas, a kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma.

Rajista kuwa tun ranar farko. Kowane littafi da lambarsa, hatimi a shafin farko da wani shafi na ciki da ku kaɗai kuka sani. Aro mako 2, littafi ɗaya, kuma ko ɗan mai unguwa ne sai ya sa hannu. Kunya ce ke cinye laburaren unguwa.

Almajirin Zaure:
Ƙari kaɗan. In wani gida ya kawo rubutun hannu na kakanni, kada ya shiga layin aro, kada kuma a liƙe shi da salatif, yana cin tawada. Ku nemi shawarar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu kafin a taɓa shi.